Tsibirin da zan je

Shekara ashirin ina koya wa yaran Affala cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye. Bara wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, ka taɓa ganin shi?" Na ce a'a. Aji ya yi tsit, ni kuwa kunya ta rufe ni. Iyakar ruwan da na sani shi ne tabkin Tabalak.

Tun ranar nake ajiye ɗan abu daga albashi don babban hutu. Sai zaɓi ya tsaya mini. Tsibiran tabkin Cadi, rashin tsaro ya toshe hanyarsu. Na so Ayoru da dorinarta, uwargida ta ce ba da yawunta ba, don can ma hankali bai kwanta ba.

Lete na zaɓa, cikin kogin Kwara, wajen Gaya. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kansa, har kotun duniya ta ba Nijar shi a 2005. Ke nan zan dawo da darasin ƙasa da na tarihi, ba daga allo kaɗai ba.

Yarinyar ta ba ni saƙo ɗaya: in tambayo mata yadda yaran can suke zuwa lakkol idan kogi ya cika.