Fuska a Cikin Taro

Unguwar Amriguébé tana cikin gunduma ta biyar ta birnin N'Djamena, kusa da Champ de Fils, watau wurin da makanikai da masu sayar da kayan mota suka yi sansani. Iyaye da yawa na wannan yanki can suke kai 'ya'yansu koyon sana'a. Yaro yakan fara da wanke ƙarafa da fetur da miƙa sifana, in ya yi haƙuri 'yan shekaru sai a bar shi ya kwance inji shi kaɗai. Sana'a ce ta datti, amma tana ci da mutum.

A unguwar akwai wani dattijo, tela, Bahaushe, wanda ɗansa na fari yake cikin waɗannan yara. Da yake ɗan fari ne, uban ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce “kai” ko “yaron nan”. Tun yaron yana ƙarami magana ɗaya yake nanata masa: in an cuce ka kada ka ɗaga hannu, ka kai ƙara ga hukuma. Ba don bai san halin hukuma ba. Ya ga zamanin Hissène Habré, ya san gidajen da aka ɗauki mutum da dare ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Amma a ganinsa talaka ba shi da wata garkuwa sai wannan, ko da ta huje.

Ran Talata 14 ga Yuli, 2020, gardama ta tashi a Champ de Fils tsakanin wani kanar na soja da waɗansu makanikai. Kanar ya zaro bindiga ya yi harbi, wani saurayi makanike ya rasa ransa. Nan take jama'a suka auka wa kanar, suka yi masa dūkan kawo wuƙa, da ƙyar aka fitar da shi da rai. Waɗansu kuwa suka ɗauki hoton abin da wayoyinsu. Kafin magariba hoton ya zaga gari.

Yaron bai komo gida ba sai bayan isha'i. Rigarsa a yage, bai taɓa tuwo ba. Uwar ta ce, “Malam, ka tambaye shi mana.” Tela ya ce ta bar shi ya kwanta.

Bai tambaye shi ba, gama yana tsoron amsar. Maimakon haka, da gari ya waye ya tafi wurin maƙwabcinsa mai babbar waya, ya roƙa a nuna masa hoton. Ya kalla sau ɗaya, ya ce a mayar. Idonsa ya yi rauni saboda shekarun zura zare a allura, hoton kuma yana rawa, ƙura ta turnuƙe, kowa sanye da riga mai baƙin mai. Shi ba kanar yake kallo ba. Hannuwa yake bi, da ƙeyoyi, da kafaɗu, yana neman wadda ya sani. Akwai wani siriri can gefen dama wanda ya juya baya. Ya sa aka tsayar da hoton a kansa har maƙwabcin ya gaji, ya ce, “Haba Malam, ai samarin gareji duk kamarsu ɗaya.” Tela ya yi godiya ya tashi. Abin da yake juyawa a ransa shi ne, in shi da raunin idonsa ya tsaya a kan wannan baya, masu ido da iko ma za su iya tsayawa.

Mai karatu ya san yadda irin wannan magana takan sāke kama. Cikin 'yan kwanaki aka bar zancen saurayin da ya mutu, aka koma zancen ƙabilar wanda ya yi harbi da ƙabilun waɗanda suka yi dūka. Zagi ya cika wayoyi. Daga 22 ga Yuli gwamnati ta rage ƙarfin intanet, WhatsApp ya ƙi aiki sai ga mai dabarar zagayawa, daga baya ta ce ta yi haka ne don hana yaɗa saƙonnin ƙiyayya. Mutanen Chadi ba baƙin wannan ba ne, gama daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 ma an toshe musu waɗannan hanyoyi. 'Yan kasuwa suka yi ta gunaguni. Tela kuwa, abin kunya ne a faɗa, daɗi ya ji. Ya ɗauka in hanya ta toshe hoton zai tsaya inda yake. Bai san abin da ya riga ya sauka cikin waya ba ya fita ba.

Aka yi Babbar Salla a ƙarshen watan. Ya ɗinka wa yaron sabuwar riga, suka tafi idi tare, ba wanda ya ta da maganar.

A watan Satumba aka yanke wa kanar hukuncin ɗaurin shekara 5. Waɗansu suka ce shekara biyar a kan ran mutum ai wasa ne. Tela bai ce haka ba. A ƙasar da sau da yawa manyan dangi sukan zauna su ƙididdige diyya a rufe magana, ganin mai anini a kafaɗa tsaye gaban alƙali ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Sai dai labarin bai ƙare nan ba. Ana gama karanta hukuncin sai dangin kanar, waɗansu da makamai, suka fitar da shi daga kotun da ƙarfin tsiya, da rana tsaka. Ba a daɗe ba aka sāke kama shi, amma abin ya riga ya faru a idon duniya. Masu taron dangi na Champ de Fils ba su jira alƙali ba don sun ce ba zai yi kome ba. Dangin kanar sun jira shi, ya yi magana, suka take maganar. Garkuwar tela ke nan, ana sukarta ta gaba da ta baya.

A daren nan yana bakin kekensa yana ƙarasa wani wando, fitila a gefe, sai yaron ya shigo ya tsuguna a ƙofa. Ya daɗe bai ce kome ba.

“Baba, ka ji abin da aka yi a kotu?”

“Na ji.”

“To, wurin wa za a kai ƙara yanzu?”

Tela ya tsayar da ƙafarsa. Wata biyu ke nan tambayar tana maƙale a maƙogwaronsa, sai ga ta ta fito ba tare da ya shirya ba.

“Kai, ran nan kana wurin?”

“Ina wurin, Baba.”

“Da me a hannunka?”

“Ƙarfen ɗaga mota.”

“Ka buga?”

Yaron ya dubi ƙasa. Ya ce, “Ban kai gare shi ba, Baba. Mutane sun yi yawa.”