Samurai a Bakin Matan Fada

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A da in na ji wannan magana sai in ɗauka da matafiya ake, waɗanda suka saɓa jaka suka shiga uwa duniya. Ashe mutum yana iya barin gida alhali yana zaune a ɗaki, ƙafarsa ba ta taka ko tasha ba. Abin da ya same ni ke nan, shi ne kuma nake so in bai wa 'yan'uwana ɗalibai labarinsa, ko wani ya tsinci abin tsinta.

A shekarata ta biyu a jami'a aka haɗa ni ɗaki da wani ɗalibi wanda ya yi ƙuruciyarsa a Ingila. Ran nan da dare sai na ga ya zazzage wasu 'yan ƙwayoyi irin na lido a kan tebur, amma wasu fuska 10 gare su, wasu har 20. Na ce masa, “Malam, in caca ce ka fitar mana da ita daga ɗakin nan.” Ya yi dariya, ya ce babu ko sisin kwabo a ciki. Wasa ne mai kama da tatsuniya, sai dai masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Mutum ɗaya yana shimfiɗa labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi, yana faɗin abin da zai aikata. In abin mai wuya ne, kamar tsallake ganuwa ko karo da dodo, sai a jefa ƙwaya ta raba gardama. Na ce ai ko a ƙauyukan Kano ana wasan kalankuwa, inda samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Ya ce to kusan haka ne, illa dai wannan yana da littattafai.

A Amurka aka ƙago wasan cikin 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Daga baya aka shiga wallafa littattafan da aikinsu shi ne gina duniyar da za a yi wasan a cikinta, da taswirarta, da sarakunanta, da aljanunta, har da irin abincin mutanenta. Abokina yana da biyu waɗanda aka gina bisa al'adun gabashin Asiya. Na farko shi ne Oriental Adventures na 1985, mai wata nahiya Kara-Tur, wadda aka ƙera ƙasashenta da siffar Sin da Japan. Na biyu shi ne Legend of the Five Rings na 1997, mai daular Rokugan da manyan gidajenta 7 na mayaƙan samurai, irin su gidan Zaki da na Kunama da na Ƙaguwa.

Kai mai karatu, kafin wata 3 na zama ɗan gidan Ƙaguwa, masu tsaron ganuwar da ta raba daular da ƙasar miyagun halittu. Na haddace sunayen iyayen gidana na ƙarya, na san yadda ake gaida sarkinsu, na san laifin da kan sa jarumi ya rasa girmansa. Mu 5 muke zama kowane daren Asabar, wani lokaci sai kiran assalatu ke tashinmu.

Da aka yi hutu na koma gida Birnin Kebbi. Mahaifiyata ta aike ni Argungu in gaida mahaifinta, tsohon masunci wanda ya tsufa yana shiga ruwa da homa da gora. Tafiyar ba ta fi awa ɗaya a mota ba, amma rabona da shi shekara 2. Na tafi da littafin Rokugan a jaka. Da yamma ya gan ni na duƙufa a kai, ya ce, “Kai aboki, mi kaka karatu haka ba ka ko ɗaga kai?” Na gyara zama na kwashe labarin ganuwar Ƙaguwa na faɗa masa, ina ta alfahari. Ya saurara sarai, sannan ya ce, “To madalla. Wa yag gina Surame?” Na ce Kanta. Ya ce, “Da Kabawa sunka bar Surame, ina sunka koma?” Na yi tsuru-tsuru. Ya bushe da dariya har da tari, ya ce, “Ja'iri, garin da anka yanke maka cibi!”

Tabɗi! Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Kashegari ya sa ni gaba har gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi wadda aka mayar gidan tarihi a 1958. Na ga masu da takubba da tambura, da kaburburan sarakuna. Yana tafe yana ba ni labari: yadda Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sangai wajen 1516 ya kafa daularsa; yadda Birnin Kebbi ya faɗa hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805; yadda Kabawa suka kafu a Argungu suka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru. Daga nan muka gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ya nuna mini inda Sarkin Ruwa kan tsaya, da inda shi kansa ya taɓa rungumo giwan ruwa.

Nan take dabara ta zo mini. Na ce ai ga duniyata a hannu, ni ma zan rubuta littafin wasa na ƙasar Kabi. Na sayi littafin rubutu, na dawo na tsare tsoho da tambayoyi. Yaya kuke daɗewa a ƙarƙashin ruwa? Me ke hana kada taɓa ku? Ina rubutawa ina ba kowane abu maki yadda na gani a littattafan abokina: nutso maki kaza, asirin kada maki kaza. Ya leƙo ya tambayi ma'anar lambobin, na yi masa bayani. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, “Abin da nig gada wurin ubana ba a awon shi da ɗiyan lido. In kana son sani, aje biro ka zo ka zamna. Wani abu a faɗa maka ka rubuta, wani a faɗa maka ka riƙe.” Na ce zan dawo hutu mai zuwa. Da hutun ya zo na tsaya a makaranta, wai muna ƙarasa wani yaƙi a Rokugan. Cikin daminar nan Allah Ya yi masa rasuwa. Shafi 6 kacal na rubuta daga bakinsa.

Sai bayan rasuwarsa na gane cewa kuskuren da na yi masa shi ne wanda mutanen Asiya da yawa suka daɗe suna kuka da shi game da littafin nan na 1985. Sun ce an kwashi kayan Sin da na Japan an dama su wuri ɗaya kamar fura, an kuma mai da girman mutum lamba, tana hawa tana sauka. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar littafin, ya liƙa sanarwa a kan irin waɗannan tsofaffin littattafai cewa akwai son zuciya na ƙabilanci a cikin wasunsu. Mu ma an taɓa mu, domin Amurkawa sun rubuta Nyambe a 2002 da Spears of the Dawn a 2013 bisa al'adun Afirka. Ban ga laifinsu ba, gona ce suka tarar ba mai noma.

Ban daina wasan ba, kuma ba na cewa kowa ya daina. Littattafan nan su suka koya mini cewa tarihi abu ne da ake iya shiga cikinsa a zauna, ba na haddar jarrabawa kaɗai ba. Roƙona ga 'yan Ƙungiyar Hausa shi ne, duk mai sauran tsoho a gida ya je wannan hutun, kada ya jira na gaba. Ya zauna tukuna kafin ya zaro biro, ya kuma tambayi abin da aka yarda ya rubuta. Ni dai ina nan da shafukana 6, ina bin abokan kakana ɗaya bayan ɗaya ina cikewa. Makon jiya muka yi zaman farko a duniyar Surame, abokina na Ingila ya zama masunci, kada kuwa bai sa masa lamba ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, mu kuma Ya ba mu kunnen saurare. Amin.