Ranar da Katafila Ta Ratsa Falonmu

Gidan da muke haya a Ibadan ba shi da hanyar zuwa bayansa sai ta ciki, domin katangar maƙwabta ta matse shi dama da hagu. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da damina ta yi tsakiya sokawenmu ya rufta. Lebura uku suka yini biyu da diga da shebur, marmara ta gagare su, ga wari ya fara hana yara barci. Aka ba mu shawarar mu yi hayar 'yar ƙaramar katafila mai haƙa, ta bi ta falo.

A nan gizo yake saƙa. Daɓen falon na tarazo ne, kuma marigayi mijin mai gidan ne ya sa aka yi shi. Da muka je mata da maganar, tsohuwar ta daɗe shiru, sa'an nan ta ce, "Dokta, daɓen nan ya girmi 'ya'yana. Amana na ba ka." Muka amsa da cewa, "Mama, in Allah ya yarda ba abin da zai same shi," alhali zuciyarmu tana ɗar-ɗar.

Irin wannan inji asalinsa daga Japan ne, inda kamfanonin Yanmar da Takeuchi suka fara ƙera shi tsakanin 1968 da 1971 saboda aiki a matsattsun wurare. Wadda aka kawo mana ƙirar Kubota ce, nauyinta kusan tan 1. Ƙafafunta na roba ne masu kama da bel, ana iya tsuke su har faɗinta ya dawo santimita 70, ga ƙofarmu kuwa santimita 80 bayan an cire ƙyaure. Ƙarfen da ke saman kujerar direba kuma naɗe shi ake yi.

Direban, wani saurayi daga unguwar Sabo, bai tayar da inji ba sai da ya ɗauki tsintsiya. Ya ce, "Malam, ba nauyinta ne abin tsoro ba, don ƙafafunta suna raba shi. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi, da juyi a wuri ɗaya, su ne masu kashe daɓe." Ya share falon tas, ya wanke ƙafafun injin, ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa ko zai ji kogo. Bayan haka ya shimfiɗa kwali, ya ɗora falankan katako masu kaurin milimita 18, ya yi wa dokin ƙofa gangara. Tagogi duka aka buɗe saboda hayaƙin gas, aka kai yara maƙwabta.

Da yake falanki huɗu kacal gare mu, in ta wuce na baya sai mu ɗauko shi mu kai gaba. Haka malamin adabi ya koma ɗan dako. Inda hanya ta karkata zuwa kicin, ya ƙi juyawa gaba ɗaya, sai ya yi gaba kaɗan, ya yi baya kaɗan, har ta miƙe. Tafiyar da ba ta fi taku 15 ba ta ci mana sa'a guda. Haƙar da ta gagari lebura kuwa kafin la'asar an gama ta.

Wajen fitowa ne muka yi sake. Magariba ta kawo jiki, murna ta ɗauke mu, muka jawo falanki ɗaya ba mu share ƙarƙashinsa ba. Da aka kwashe shimfiɗa, sai ga ƙarzuwa mai tsawon ɗan yatsa kusa da ƙofa. Laifin namu ne, ba na yaron ba. Muka kwana muna tunanin rufe wurin da darduma, amma da gari ya waye muka kira Mama muka nuna mata.

Ta sunkuya da ƙyar, ta shafa wurin, ta ce, "Da ka ɓoye, da shi ne zai yi mini ciwo." Muka nemi kiran mai goge tarazo, ta hana. Har yau alamar tana nan, kuma kullum da ita muke tsallakawa in za mu fita aji.