Ranar Tonon Dankali a Ƙasar Japan

Duk wanda ya sauka Tokiyo a watan Oktoba, in dai yana fita da hantsi, sai ya ci karo da su: 'yan dugwi-dugwin yara biyu-biyu riƙe da hannun juna, kowane aji da launin hularsa, gorar ruwa rataye a wuya, takalmin roba ya kusa kai gwiwa. Malama a gaba, malama a baya. Ba gidan namun daji za su ba, ba kuma wurin lilo ba. Gona za su, tonon dankali. Makarantun renon yara da yawa a ƙasar sun sa wannan fita cikin jadawalin shekara, kusa da ranar wasanni, kuma iyaye na shirya mata tun ana saura mako.

Mai masaukina ɗan Najeriya ne da aiki ya zaunar a can, 'yarsa mai shekara 4 tana ɗaya daga cikin waɗannan makarantu. Shi ya nema mini izinin bin su. Ya ce da ni, "Malam, dogayen benayen nan ka gan su a hoto tun kana gida. Bi yaran nan gona ka sha kallo."

Motar makaranta ta kai mu Miyoshi, wani ƙaramin gari a lardin Saitama, arewa maso yammacin Tokiyo, kusa da Kawagoe da ta yi suna da dankali tun zamanin da. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne fasalin gonakin: sirara ne, dogaye, a jere. A shekarar 1694 mai mulkin Kawagoe na lokacin, Yanagisawa Yoshiyasu, ya sa aka sare wannan fili aka raba wa manoma, aka gama a 1696. Kowane gida ya sami yanki mai faɗin kimanin mita 72 da tsawon mita 675, wato kusan hekta 5: gida a bakin hanya, gona a tsakiya, kurmi can ƙurya. Ƙasar wurin asalinta tokar duwatsu masu aman wuta ce, ba ta da ƙarfi, ruwa na da nisa, iskar hunturu kuma kwashe ta take yi. Sai suka dasa itatuwa, duk hunturu su share ganyen da ya zube, su tara shi tsibi-tsibi ya ruɓe, su kai gona. Fiye da shekara 300 ke nan ana haka, har a 2023 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsarin cikin jerin gadon noma na duniya. Wato ba gonar kwaikwayo aka gina don yara ba. Gonar cin abincin mutane ce aka buɗe musu ƙofa.

Manomin da ya tarbe mu dattijo ne, tawul ɗaure a wuya. Ya riga ya sa lauje ya yanke yaɗon, ya bar guntun kara a kan kowane gindi, ya kuma ja farin layi a kan kunyoyi yadda kowane yaro zai san nasa. Jawabinsa bai yi tsawo ba. Mai masaukina ya raɗa mini ma'anarsa: kada a finciki karan, a tone gefe da gefe tukuna, dankali ba ya son gaggawa. Yaran suka rusuna suka gaishe shi baki ɗaya, sannan aka sake su.

Babu fartanya, babu shebur. Hannu ne kawai, cikin farar safar auduga wadda ba ta yi minti biyar tana fara ba. Na tsuguna na damƙi ƙasar don in ji yadda hannun ɗan shekara 3 zai iya da ita, sai na tarar ta yi laushi kamar garin tuwon da aka tankaɗe. Aikin takin ganyen nan ne. Wata yarinya kusa da ni ta tona har ta hango jan ɓawo ya leƙo, ta ƙwala kiran malama. Malamar ta zo ta durƙusa, ta yaba, ta sa yatsa ɗaya ta ɗan sassauta ƙasar gefe, ta tashi ta yi gaba abinta. Yarinyar ta ci gaba da fama, tana nishi, ta kama da hannu biyu ta ja, dankalin ya ƙi, ta ƙara tonawa, ta sake ja, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa, dankali uku rataye a jijiya ɗaya a hannunta. Ta dube su, ta dubi wandonta, sannan ta fashe da dariya.

Wannan janye hannu da malaman ke yi shi ya fi burge ni. Mu manya, ko'ina muke, ba mu iya ganin yaro yana wahala da abu mu ƙyale shi. Za mu karɓa mu yi masa, mu ce mun taimaka. Su kuwa sun san inda za su tsaya.

Can wani yaro ya tono gwazarma, fara sol, tana murɗe-murɗe. Tonon dankali ya tsaya cak a wannan kunya, aka yi mata zobe. Ba wanda ya ce a yar, ba wanda ya ce ƙazanta ce. Malama ta tambaye su inda kanta yake da abin da suke jin tana ci a cikin ƙasa, kowa ya kawo nasa, aka ƙirga ƙafafunta, daga baya aka mayar da ita rami aka rufe. Da aka gama, kowane yaro ya zuba abin da ya tona a jakarsa, kuma shi zai ɗauka har mota. Wasu sun ja tasu a ƙasa. Wani da ya yi zari ya cika tasa maƙil ya yi kuka a hanya, aka tsaya aka jira shi, amma ba a karɓar masa ba.

Dankalin nan dai namu ne na Hausa, mai zaƙi, ba na Turawa ba, kuma mutanen Japan suna girmama shi don ya taɓa fid da su kunya. Daga ƙasar Sin ya shiga tsibiran Okinawa a 1605, daga nan ya haura Satsuma a kudancin Japan. Da yunwar 1732 ta afka wa yammacin ƙasar, an lura inda ake noma shi mutane sun fi tsira, sai mahukunta suka sa wani masani, Aoki Konyo, ya gwada shuka shi a yankin Edo, wato Tokiyo ta yau, a 1735. Ya sake riƙe mutane a ƙuncin abinci na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa.

Na ɗauka da an dawo daga gona magana ta ƙare. Ashe nan ta fara. Da na leƙa makarantar bayan wani lokaci, dankalin da aka ware wa aji yana baje a kan jarida a inuwa. Ba a cin sa da ɗanyen tono, sai ya huta makonni zaƙinsa ya fito, kuma yaran sun san haka, kullum sai sun je sun duba. Kafin nan an jera shi daga ƙarami zuwa babba, an ɗora a sikeli, an yi gardama kan wane ya fi nauyi, dogo ko kakkaura. An yanka waɗanda suka ji rauni an tsoma a fenti an buga hatimi a takarda. Yaɗon da aka roƙo wajen manomi an yi jan igiya da tsalle da shi, ragowar an naɗe zobe-zobe an rataye ya bushe don ado. Bango cike da zanen dankali, wani ya fi mai zanen tsawo. Akwai ma wani littafin yara na 1972 da Akaba Suekichi ya zana, a kan 'yan makarantar da ruwan sama ya hana su fita tono, suka zauna suka zana ƙaton dankali a takardu haɗe-haɗe. Har yau ana karanta shi a wannan lokaci. Ranar gashi kuwa, kowa ya wanke nasa, ya naɗe da jiƙaƙƙiyar jarida da takardar alminiyam, malamai su binne a garwashi. Lissafi, zane, motsa jiki, haƙuri, duk daga kunya ɗaya, ba tare da an ce wa yaro yau darasi za a yi ba.

Gwamnati ma tana da hannu. A 2005 aka kafa dokar tarbiyyar abinci, wadda ta ɗora wa makarantu da iyaye da manoma nauyin sanar da yara inda abincinsu ke fitowa. Suna da dalilin damuwa: ƙasar tana noma kashi 38 cikin 100 ne kawai na abin da take ci in aka auna da ƙarfin abincin, kuma a ƙidayar 2020 matsakaicin shekarun manomanta ya kusa 68.

Dole mutum ya tuna gida. A ƙauyukanmu ɗan shekara 4 ya san gona, yana bin uwarsa roron gyaɗa, sai dai ba mai kiran wannan ilimi. A birane kuma ana biyan kuɗi mai tsoka don yaro ya haddace sunan tuffa da Turanci, alhali mai dafaffen dankali na zaune a ƙofar makarantar, lambuna kuma ga su nan a bayan gari. Ba kayan aiki muka rasa ba.

Ba zan ce fitar yini ɗaya tana mayar da 'ya'yan Tokiyo manoma ba. Da tana yi, da shekarun manoman ba su kai inda suka kai ba. Shi kansa dattijon mai gonar bai ɗauki abin da nisa haka ba. Makaranta tana biyansa kuɗin kowane gindi, ciniki ne mai kyau, kuma ya ce hayaniyar tana ɗebe masa kewa. Ran nan da muke haramar tafiya na ga ya ɗauko magirbinsa ya nufi kunyoyin da yara suka bari, sai na sa aka tambaye shi ko akwai sauran aiki. Ya yi dariya ya ce manyan suna can ƙasa inda gajeren hannu ba ya kaiwa, kuma duk shekara sai ya bi baya ya kwashe.