Fitilar da Baƙin Fenti Ya Makantar: Daga Littafin Wani Rewaya a Kano

Litinin
Wani matashi ya kawo Honda Civic, ya ce, "Oga, fitilata ba ta gani da dare." Da na leƙa, sai na ga an fesa wa cikinta baƙin fenti don ado. Fentin ya kumbura, ya tsattsage daidai saman ƙwan fitilar, gilashin kuma ya yi hazo ta ciki, inda tsumma ba ya kaiwa.

Talata
Na gasa gam ɗin bakin fitilun har ya saki, na buɗe su. Ƙwai mai wat 100 aka saka, alhali an ƙera gidan ne don H4 mai wat 60/55. Ko ƙwan halojin na ƙa'ida, zafin kwalbarsa kan haura digiri 250, balle wannan. Soket ya narke, waya ta ƙandare.

Laraba
Na zaunar da yaran shago na nuna musu yadda ɓarnar ta faru. Farin ƙyallin nan na ciki siririn shafen alminiyam ne, shi ke tura haske waje. Da aka rufe shi da baƙi, sai ya koma shanye haske yana tara zafi. Fentin gwangwani kuwa ba a yi shi don wannan zafin ba. Da ya gasu sai ya fitar da tururi, ya kwanta a gilashi. Gilashin ma roba ce, tana fara laushi wajen digiri 147. Ga kuma ranar Afrilu, mota a fili tun safe.

Alhamis
Shafen da ya ƙone ba ya gyaruwa a gareji. Na shiga Ƙofar Ruwa na samo fitilu biyu na Baljiyam masu lafiyayyen ciki. Mai mota ya ji kuɗi ya ce, "Oga, fentin nawa ne duka?" Na ce, "Ɗana, arha ba ta ado."

Juma'a
Bayan sallar isha'i na ɗaura fitilun da ƙwai na ƙa'ida, na saita haskensu a jikin bango don kada su kashe wa mai zuwa ido.

Asabar
Masu son ado, in fentin ya zama dole, a tsaya a kewayen bakin fitila, a yi da fenti mai jure zafi, a bar shi ya bushe sarai kafin a rufe. Kada a taɓa ƙyallin ciki, kada a ƙara ƙarfin ƙwai. Da hasken nan ake ganin mai keke da mai tsallaka titi, don Allah a bar shi yadda aka ƙera shi.