Ƙugin da ya kusa cinye mana waƙar amarya

A wannan makon labarin wani ɗan akwati muka zo da shi, wanda bai fi sabulun wanki girma ba, amma sai da muka kwana biyu muna gardama a kansa.

Mu uku ne muka haɗa kuɗi muka mayar da wani ɗaki a Kano ɗan ƙaramin situdiyo: miksa ɗaya, fiyano, makirufo biyu da kwamfuta. Aikinmu na farko mai tsoka waƙar amarya ce, an biya rabin kuɗi, ranar Alhamis za a saka ta a wajen kamu. Daren Talata muka saurari abin da muka ɗauka, sai ga wani ƙugi a ƙarƙashin kiɗan, kamar injin markaɗe na aiki a bayan gida. Da mun zare wayar fiyano daga miksa sai ya ɗauke, da mun mayar sai ya dawo.

Ɗayanmu ya ce ya ga masu gyara suna karya ƙafa ta uku ta filogi, ƙugin ya tafi. Har an ɗauko filaya. Allah Ya sa muka fara kiran wani dattijo mai ba da hayar lasifika a unguwarmu. Da ya ji, sai ya ce, "Yarana, ku ajiye filayar nan. Wannan ƙafar ita ke kai wuta ƙasa idan kaya ya samu matsala a ciki. Kuka karya ta, mawaƙin da ya kai baki ga makirufo shi ne zai zama ƙasar." Muka ce, "To Baba, mene ne mafita?" Ya ce mu fara haɗa fiyano da miksa a soket ɗaya. Muka yi, ƙugin ya ragu sosai, ko sisi ba mu kashe ba. Sauran kuwa, ya ara mana akwatin DI.

Daga baya muka fahimci abin da ya faru. Fiyano na da tasa wayar ƙasa, miksa na da tata, ga kuma wayar sauti ta haɗa su biyun. Sai hanya ta zama da'ira, 'yar ƙaramar wuta ta riƙa zagayawa. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar ce kunne ke ji a matsayin ƙugi. A cikin akwatin da Baba ya ba mu akwai 'yar taransifoma da ke miƙa sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, sannan akwai maɓallin da ke yanke ƙasar wayar sauti kaɗai, ya bar ta filogi yadda take. Muka danna shi, ɗaki ya yi tsit. Muka sake ɗaukar waƙar ranar Laraba, amarya ta samu abinta.

Washegari biyu daga cikinmu suka ce lallai mu sayi namu, har guda huɗu. Na ukunmu ya ce kuɗin hayar ɗaki ya fi gaggawa. Da muka zauna muka lissafa, sai muka ga wurare uku ne kawai akwatin ke da aiki.

Na farko ƙugi irin namu. Na biyu doguwar waya. Wayar jita da fiyano ta yau da kullum tana fara kwasar hayaniya idan ta wuce mita biyar zuwa shida, shi kuwa DI yana mayar da sautin ya bi wayar makirufo mai ƙafa uku, irin ta XLR, wadda ke tafiya mita goma-goma lafiya. A filin biki wannan babban abu ne. A ɗakin da bai fi taku huɗu ba, da wuya a buƙace shi. Na uku jita mai lantarki ko bas. Sautinsu mai rauni ne, yana son mashiga mai juriya kusan om miliyan ɗaya, alhali mashigar layi a miksa yawanci wajen dubu goma ce. Idan aka cusa su kai tsaye sai sautin ya dushe. Nan DI mai amfani da batir, ko wutar bolt 48 da miksa ke bayarwa, ya fi dacewa. Amma ku duba kayanku tukuna: idan akwai mashiga da aka rubuta wa Hi-Z ko Inst, an riga an yi muku wannan aikin.

Makirufo ba ya buƙatarsa. Ba ya gyara muryar mawaƙi, ba ya hana ƙarar janareta shigowa ta taga.

Ƙarshe dai guda ɗaya muka saya, mara batir, saboda fiyano. Sauran kuɗin ya tafi haya. Filayar tana nan a rataye a bango, kuma duk wanda ya shigo ya ce a karya ƙafar filogi, sai mu ba shi labarin Baba.

Idan akwai mai fama da ƙugi a cikinku, ya fara gwada soket ɗaya kafin ya nufi kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.