Gyara ta waya: bayani nawa ya isa?

Mai karatu, in ka iya wani abu da hannunka, ko gyaran fanka ne ko wanke kafiretar janareto, na tabbata an taɓa kiranka a waya ana cewa, "Don Allah abin nan ya tsaya, ya zan yi?" Niyyar taimako ba ta da wuyar samu a wurinmu. Abin da ke da wuya shi ne sanin iyakar bayanin da za ka yi. In ya yi kaɗan ka bar mutum inda ka same shi, in ya yi yawa ka ƙara masa ruɗani, wani lokaci har ya ɓata abin da lafiyarsa ƙalau.

Ni aikin jinya nake yi, amma a gidan mai gyaran keken ɗinki na tashi a nan Tudun Wadan Zariya. Tun ina firamare nake miƙa wa Baba sukudireba da man keke. Shi ya sa har yau, da azumi ya raba tsakiya, ɗinkin Sallah ya taru, wayata ba ta hutawa da kiran matan unguwa.

Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, da keken nan take ciyar da su. Saura kwana goma Sallah kekenta ya fara tara zare a ƙarƙashin yadi. Wanda ta fara tambaya ya ce, "Ki kai wa mai gyara kawai." Gaskiya ya faɗa, amma a wannan lokacin mai gyara ma layi ake yi masa, kuma kwana uku babu ɗinki yana nufin kayan mutane ba za su fita ba. Ɗanta kuma ya turo mata dogon bidiyo na yadda ake kwance keke gaba ɗaya. Da ta kira ni, har ta ɗauko sukudireba.

Na ce, "Inna, ku ajiye sukudireban nan tukuna. Yaushe ya fara? Me kuka canza kafin ya fara?" Ta ce zare ta canza. Na ce ta ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ta zare zaren sama duka, ta sake sa shi daga farko ƙafar tana sama. Na ƙara mata dalili a taƙaice: in ƙafar tana ƙasa, faifai biyun da ke matse zare a rufe suke, zaren ba zai shiga tsakaninsu ba, sai ya tafi sako-sako ya cukurkuɗe a ƙasa. Mutane kan zargi kwarkwaro, alhali galibi laifin zaren sama ne. Ta gwada, keke ya ci gaba da aiki.

Ka lura, tambaya ta riga bayani. Ba za ka san abin da mutum yake buƙata ba sai ka san abin da ke gabansa. Ko sa allura ma ba iri ɗaya ba ne: a wani keken gefenta mai faɗi baya yake kallo, a wani kuma gefe. In ka yi umarni ba ka tambayi irin keken ba, kana iya sa mutum ya juya allura, keke ya riƙa tsallake ɗinki.

Wannan matsala ba mu kaɗai ke fama da ita ba. A Amurka akwai wani injin wasa da ake kira pinball, teburi ne mai gilashi a sama, ana harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe tana bugun abubuwa ana samun maki. Kamfanoni irin su Gottlieb da Bally da Williams ne suka yi fice wajen ƙera shi a birnin Shikago. Waɗanda aka yi daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1970 ba su da kwamfuta a ciki, sai wayoyi da naɗin tagulla da ɗimbin ƙananan makunnai, wannan ya taɓa wancan, wancan ya tayar da na gaba. Har yau akwai masu ajiye su suna gyarawa. Gargaɗin da ƙwararrunsu suka fi yi wa sabon shiga shi ne kada ya bi makunnai yana lanƙwasa su duka da sunan gyara, domin zai tashi daga matsala ɗaya ya koma goma. Sai ya duba taswirar wayoyin, ya bi layin da ya mutu shi kaɗai. Abin da Baba yake yi ke nan da keke, bai taɓa kwance abin da bai yi ƙara ba.

To amma akwai wurin da ba a taƙaita bayani, shi ne wurin haɗari. A nan aikina na asibiti ya fi koya mini. Na wanke ƙunar mutanen da suka ƙara wa janareto fetur yana kunne. In wani ya ce maka janaretonsa ya ƙi tashi, kafin ka ambaci filogi ko kafireta, gaya masa ya fito da shi waje, ya bari ya huce, ya nisanta shi da murhu da ashana. Gaya masa kada ya gwada shi a cikin ɗaki ko a zaure a rufe, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. In fanka ce ke gurnani ba ta juyawa, sau da yawa ƙaramar kafasita ce ta mutu, kuma ana samun ta a wurin masu kayan wuta a Sabon Gari. Amma kalmarka ta farko ita ce a kashe wuta daga babban makunni, ba a dogara da cewa an ɗauke ba, don ana iya dawo da ita hannunsa na kan waya. Ko ya ce ya sani, maimaita masa. Wanda ya sani ba ya rasa komai in ya sake ji.

Haka muke yi da iyaye a asibiti. In yaro yana gudawa kuma babu sacet na ORS a kusa, ba na tsayawa yi wa uwa darasin yadda hanji ke tsotsar ruwa. Amma awo ba na rage masa ko kaɗan: ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. "Ki ɗan sa gishiri" ba bayani ba ne, domin gishirin da ya yi yawa yana cutar da yaro. Sannan sai na ce ta maimaita mini abin da na faɗa. A wurin maimaitawar nake gane abin da ya shiga da abin da ya wuce ta gefen kunne. Ka gwada wannan da wanda kake koya wa gyara, za ka sha mamaki.

Wani zai ce, in kowa ya iya gyara, me masu gyara za su ci? Ni 'yar mai gyara ce, na san nauyin wannan magana. Amma Baba bai taɓa rasa aiki don ya nuna wa tela yadda ake sa mai da share audugar da ke taruwa a ƙarƙashin haƙoran keke ba. Waɗanda ya koya wa ƙananan abubuwa su ne suke kawo masa manyan, kuma ba sa musu a kan kuɗi, domin sun san bambancin. Rowar ilimi ce ke sa a riƙa zargin mai gyara da ƙirƙirar matsala.

Sanin inda za ka ce "nan ba naka ba ne" shi ma yana cikin taimako. In lokacin allura da ƙugiyar ƙasa ya saɓa, ko naɗin tagullar fanka ya ƙone har ana jin ƙauri, bayani ta waya ba zai yi ba. Faɗa masa kai tsaye ya kai wa mai gyara, ka gaya masa abin da kake zato da abin da zai faɗa in ya je, don kada ya tsaya yana "ya dai lalace."

Saboda haka, ɗan'uwa, in aka kira ka gobe, ka fara da tambaya, ka faɗi haɗari dalla-dalla, sannan ka ba da mataki ɗaya tare da dalilinsa. Ka ce ya gwada ya sake kiranka, kuma in ya kira ka ɗauka. Matambayi ba ya ɓata, in dai wanda ya tambaya bai gaji da shi ba.